Lokoja: Sito-Siton Bakin Kogi Da Cinikin Da Ya Gina Su

LOKOJA — Duk direban babbar mota da ke jigila tsakanin Kudu da Arewa ya san Lokoja a matsayin zango, inda ake tsayawa a sha mai, a ci soyayyen kifi, a yi salla, sa'an nan a kama hanyar Abuja ko ta Okene. Kaɗan ne daga cikin masu wucewa ke ratsewa su gangara bakin kogi, alhali kuwa a can ne asalin garin yake. A siririn filin da ke tsakanin dutsen Patti da gaɓar kogin Kwara, watau Neja, daura da inda kogin Binuwai ya shigo suka haɗu, an yi kusan shekara 100 ana sauke hajar Turai ana ɗaukar amfanin gonar Arewa.

Gine-ginen da wancan zamani ya bari iri biyu ne. Akwai na mulki, kamar gidan Gwamna Lugga da gidajen katako na ma'aikatan Turawa, waɗanda sunayensu ke cikin kowace takardar jawo 'yan yawon buɗe ido da ake bugawa a jihar Kogi. Akwai kuma na ciniki, watau sito-sito da kantunan kamfanoni da wuraren gyaran jirage, waɗanda da ƙyar ake ambatonsu, ko da yake su ne suka kawo kuɗin da aka yi na farkon da shi. Ga ɗan kasuwa, waɗannan na biyun su ne abin dubawa, domin a jikinsu ake karanta yadda sufurin ruwa ya yi riba a dā, da kuma dalilin da ya sa ya daina.

Tun kafin zuwan Turawa mahaɗar kogunan nan biyu kasuwa ce. Kakanda da Nufawa su ne ma'abota manyan kwale-kwale, Igala na riƙe da gaɓar gabas daga Idah, mutanen Oworo kuma na zaune a kan tuddan da ke kewaye da wurin. Turawan Ingila sun fara gwada zama a nan a 1841, lokacin da wani ayarinsu ya karɓi fili daga hannun Attah na Igala don kafa gonar gwaji ta auduga. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe da yawa daga cikinsu, gonar ta watse. Sai a 1854, da Dokta William Baikie ya shigo da jirgin Pleiad yana ba mutanensa maganin kwinin a kai a kai, ya haura Binuwai ya dawo ba tare da ya rasa rai ko ɗaya ba, aka tabbatar cewa Bature na iya yin ciniki a kan kogin ya koma gida da ƙafarsa.

Baikie ya sake dawowa a 1857, jirginsa Dayspring ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba, daga bisani ya zo ya kafa sansani a gindin dutsen Patti da yardar Etsu Masaba na Bida. Ya zauna a wurin har 1864 yana shari'a, yana magani, yana ciniki. Ya koyi Hausa, ya kuma yi tattaki har Kano a 1862. Littattafan tarihi sun nuna cewa fatake fiye da 2,000 suka ziyarci kasuwar da ya buɗe cikin shekaru uku na farko. A 1865 'yan mishan na CMS a ƙarƙashin Bishop Samuel Ajayi Crowther suka buɗe makarantar Holy Trinity, wadda ake ɗauka ita ce makarantar firamare ta farko a ƙasar da daga baya ta zama Arewacin Nijeriya. A harabarta ne ake nuna ƙarafan nan da aka ce duk bawan da ya gudo ya taɓa su ya 'yantu.

To, amma wanda ya mai da Lokoja cibiyar ciniki na gaske shi ne George Goldie. Ya tarar da ƙananan kamfanonin Ingila suna gasa a kan kogin, kowa na ƙara wa masu manja da hauren giwa farashi don ya ƙwace su daga ɗan'uwansa, sai ya haɗe su a 1879 suka zama United African Company. A 1884 ya saye kamfanonin Faransa da ke gogayya da shi, a 1886 kuma gwamnatin Ingila ta ba shi takardar izinin mulki, kamfanin ya koma Royal Niger Company, watau Kamfanin Neja. Daga nan ya zama shi ne ɗan kasuwa, shi ne kwastan, shi ne alƙali. Ya ɗora kuɗin lasisi da harajin fito masu nauyin da babu wani baƙon ɗan kasuwa da zai iya biya ya ci riba, abin da ya tunzura mutanen Nembe suka auka wa babban ma'ajinsa na Akassa a watan Janairun 1895. Lokoja ce barikin sojojin kamfanin, waɗanda da yawansu Hausawa ne da Yarbawa, kuma daga nan Goldie ya tashi a Janairun 1897 ya ci Bida da yaƙi, ya wuce Ilori.

Ranar 1 ga Janairun 1900 aka sauke tutar kamfanin a Lokoja, Lugga ya ɗaga ta Ingila, ya yi shelar kafa mulkin Turawa a Arewacin Nijeriya. Akwai ginshiƙin siminti da ke nuna wurin. Gwamnatin Ingila ta biya kamfanin fam 865,000, tare da alkawarin ba shi rabin kuɗin da za a riƙa samu daga haƙar ma'adinai a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Kamfanin ya rasa mulki, amma ya riƙe jiragensa da sito-sitonsa da filayensa na bakin ruwa. Gwamnati ba ta daɗe a garin ba: ta koma Jebba, ta wuce Zungeru a 1902, ta zauna Kaduna a 1917. Ciniki ne ya tsaya.

Wanda ya duba ragowar sito-siton kamfanoni a bakin kogin zai lura da fasalinsu iri ɗaya: dogon gini mai rufin kwano, mai faɗin ƙofa, fuskarsa na kallon ruwa, bayansa na kallon gari. Zai kuma yi mamakin girmansu idan ya kwatanta da yawan mutanen Lokoja na wancan lokaci. Amsar ita ce ba don mutanen garin aka gina su ba. Halin kogin ne ya tilasta a yi su haka.

Binuwai kogin damina ne. Yakan cika ya batse daga wajen Yuli zuwa Oktoba, sa'an nan ya janye ya bar rairayi. Jirgi mai nauyi ba ya isa Yola sai cikin waɗannan watanni, Garwa ta Kamaru kuwa, wadda ita ce tasha ta ƙarshe, 'yan makonni kawai take karɓar jirage a tsakiyar cikar. Matsalar ita ce gyaɗa da auduga da riɗi ba sa zuwa kasuwa sai da kaka, daidai lokacin da ruwan ya fara sauka. Saboda haka abin da kamfani ya saya a Nuwamba ko Disamba a Yola, ko Ibi, ko Makurdi, dole ya kwana a sito har damina ta gaba kafin ya ga jirgi. Haka nan gishiri da yadi da kananzir da kwanon rufi da za a sayar a waɗannan garuruwa cikin shekara guda, dole a haura da su gaba ɗaya cikin 'yan watannin cikar. Ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan: jari ya kwanta wata bakwai ko takwas, ga kuɗin gadi, ga ɓarnar ƙwari da ɓera, ga kuma yiwuwar farashi ya faɗi a Liverpool kafin kayan su isa.

Kwara kuwa ta ɗan fi sauƙin hali, domin cika biyu take yi. Akwai ta damina, wadda ake kira farin ruwa saboda lakar da take ɗauke da ita, akwai kuma baƙin ruwa, watau ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, bai iso Nijeriya ba sai da rani. Wannan ya sa daga Lokoja zuwa teku jirage kan yi tafiya mafi yawan shekara. Nan amfanin garin ya fito. Shi ne wurin da ake tara kayan da suka sauko daga koguna biyu, a juye su daga ƙananan jirage zuwa manya, ko kuma a sauke hajar da ta hauro daga Burutu da Warri ta jira ruwa. Jiragen na tururi ne masu faɗin ciki, waɗanda ba sa nitsewa sosai a ruwa, suna jan manyan kwale-kwalen ƙarfe a gefensu. Da itace suka fara aiki, abin da ya samar wa ƙauyukan gaɓa sana'ar sara da tarawa. Matuƙan da ke nuna hanya kuwa 'yan ƙasa ne, domin rairayin kogin kan sauya wuri kowace shekara, taswirar bara ba ta yi wa bana amfani.

Irin wannan ciniki ba na mai ƙaramin jari ba ne. Wanda zai ci riba a cikinsa sai wanda kayan nasa ne, jirgin nasa ne, siton nasa ne, kuma yana da hajar da zai cika jirgin da ita a haurowa kamar yadda yake da amfanin gonar da zai cika shi da shi a gangarowa. Kamfanin Neja da kamfanin John Holt na Liverpool su ne suka cika waɗannan sharuɗɗa, shi ya sa sunayensu suka mamaye gaɓar.

A kusa da sito-siton aka sami abin da za a iya kira masana'antun garin. Ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Ingila, BCGA, ta kafa injin gurza a Lokoja a farkon ƙarni na 20, tun kafin ta kafa na Zariya. Gwamnatin Arewa ta ajiye sashenta na jiragen ruwa a nan, tare da wurin gyara inda maƙera da kafintoci da masu kula da tukunyar tururi suka koyi aiki. Akawuna da yawa sun fito ne daga Saliyo da Ikko. 'Yan dako da dillalai da masu masauki suka cika unguwannin da ke bayan gaɓar. Sunan kasuwar Kpata ma daga harshen Nufe ya fito, ma'anarsa matsayar kwale-kwale, abin da Bahaushe ke kira kwata. Sarkin garin kuwa Maigari ake ce masa, kuma Hausa na daga cikin harsunan da ake ciniki da su a tsohon garin.

Akwai wani dalili kuma da ya sa sunan Lokoja ke da nauyi a kunnen mutanen Arewa. Da yake garin na hannun Turawa sosai, ga barikin soja, ga nisa daga manyan masarautu, nan suka riƙa kai sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, a Lokoja ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Kwasau a nan ya ƙare kwanansa, haka ma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mashahurin marubucin waƙoƙi, wanda ya rasu a 1924. Kaburburan sarakunan suna unguwar Kabawa, tafiyar 'yan mintoci daga bakin ruwa.

Abin da ya fara karya Lokoja daga cikin kogin ya fito. A 1907 aka yanke shawarar shimfiɗa layin dogo zuwa Kano, aka kuma zaɓi Baro, can sama da Lokoja, ta zama mafarinsa. Ƙarafan dogon da kawunan jiragen ƙasa duk ta gaban Lokoja suka wuce a cikin jiragen ruwa. Dogon ya isa Kano a 1911, ba da jimawa ba aka haɗa shi da na Ikko a Minna, kuma da aka gama gadar Jebba sai ya zamana buhun gyaɗa na iya tashi daga Kano ya isa teku ba tare da ya taɓa ruwan kogi ba, rani da damina. Bunƙasar gyaɗar da ta fara a 1912 a kan dogo ta yi tafiya. Kamfanin Neja da kansa ya bi kasuwar zuwa Kano, inda a 1918 ya ɗauki Alhassan Ɗantata a matsayin mai saya masa gyaɗa. Layin gabas daga Fatakwal ya ratsa Binuwai a Makurdi, aka buɗe gadarsa a 1932, ya janye wani kaso na riɗin ƙasar Tibi. Babu ɗaya daga cikin layukan biyu da ya bi ta Lokoja.

Duk da haka sufurin ruwa bai mutu nan take ba, domin Adamawa da arewacin Kamaru ba su da dogo. Kamfanin Lever Brothers ya sayi Kamfanin Neja a 1920 a kan fiye da fam miliyan 8, a 1929 kuma aka haɗe shi da wani babban abokin gasarsa aka sami UAC, wanda ya ci gaba da tafiyar da jiragensa daga Burutu. A 1959 kamfanin injiniyoyin Holan mai suna NEDECO ya miƙa wa gwamnati cikakken rahoto a kan yadda za a inganta tafiyar jirage a kogunan biyu. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 shi ya datse hanyar, domin ƙasan kogin ya zama fagen daga. Kafin a farfaɗo, kuɗin man fetur ya shigo, aka shimfiɗa kwalta, aka gina gadoji, mai ya yi araha, noman gyaɗa da auduga don fitarwa waje ya ja baya. Mai tirela na iya ɗaukar kaya yau ya sauke jibi a ƙofar mai shi. Babu wanda zai yarda jarinsa ya kwana wata takwas a sito alhali ga wannan.

Da aka ƙirƙiro jihar Kogi ranar 27 ga Agustan 1991 aka mai da Lokoja hedkwatarta, garin ya sami sabon rai, amma ta fuskar tudu. Ma'aikata suka kwararo, unguwanni irin su Lokongoma da Felele da Ganaja suka faɗaɗa, fili ya yi tsada. Gidan gwamnatin jihar shi ne wanda ake kira Lugard House. Ɗaya daga cikin gidajen katakon da aka kawo a sassaƙe daga Ingila aka harhaɗa a kan ƙafafu ya zama gidan adana kayan tarihin mulkin mallaka, a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa. Akwai maƙabartun Turawa, da hasumiyar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin duniya, da ɗan gidan hutawar Lugga a kan dutsen Patti.

A kan dutsen ne akan gaya wa baƙi cewa daga nan Flora Shaw ta hango kogin ta raɗa wa ƙasar suna Nijeriya. Labarin na da daɗin ji, sai dai maƙalar da ta ba da shawarar sunan ta fito ne a jaridar Times ta London ranar 8 ga Janairun 1897, ita kuwa ba ta zo ƙasar ba sai bayan ta auri Lugga a 1902. Abin takaici shi ne ana ta maimaita wannan, ga kuma tarihi na gaskiya a gindin dutsen wanda ba shi da mai ba da shi. Gine-ginen ciniki ba su da gatan na mulki. Wasu an yanka su shaguna, wasu an rushe an yi sabon gini a wurin, wasu kwanonsu ya ruɓe an bar su. Ba laifin mai fili ba ne idan ya ga shago ya fi kango riba. Amma sito mai tsayin rufi a tsakiyar babban birnin jiha dukiya ce da za a iya gyarawa a ba da haya ba tare da an rushe ta ba, kuma matakin farko, watau a ƙidaya waɗanda suka rage a rubuta na wane ne da shekarar da aka gina kowanne, bai kai kuɗin kwalta kilomita ɗaya ba.

Gwamnatin tarayya ta fi mai da hankali ga kogin kansa. Doka mai lamba 13 ta 1997 ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, da hedkwatarta a Lokoja. A watan Satumban 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zo garin ya ƙaddamar da aikin yashe kogin daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572, a kan kimanin Naira miliyan dubu 36. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Baro a Janairun 2019, amma a shekarun da suka biyo baya rashin hanyar mota mai kyau zuwa garin ya hana ta aiki. Tashar da aka tsara wa Lokoja ma ba a tsohuwar gaɓar aka sa ta ba, an kai ta Jamata, kusa da gadar Murtala Muhammed, kuma ta shafe fiye da shekara goma ba a kammala ba.

Kaya masu nauyi da suka dace da jirgin ruwa ba su ƙaranta a yankin ba. Ga kamfanin siminti na Obajana, ga ƙarfen Itakpe, ga kamfanin ƙarafa na Ajaokuta da aka ba da kwangilarsa a 1979 a bakin wannan kogi, wanda har aka shiga shekarun 2020 babbar tukunyarsa ba ta narka ƙarfe ba. Abin da ya ɓace shi ne abin da tsofaffin kamfanonin suka haɗa a hannu ɗaya: mai kaya da zai yi alkawarin lodi na shekara, lodin dawowa don kada jirgi ya koma wayam, wurin ajiya a bakin ruwa, da kuma yasa ta kowace shekara, domin rairayin da aka kwashe bana zai dawo baɗi. Kwangilar yasa ta lokaci ɗaya ba ta samar da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sa'an nan ga ambaliya. A Satumban 2012, da kuma Satumba zuwa Oktoban 2022, kogunan biyu sun cika a lokaci ɗaya, ga ruwan sama mai yawa, ga wanda aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru. Ruwa ya shiga Adankolo da Ganaja da Gadumo da sauran unguwannin gaɓa, ya hau kan hanyar Abuja a wajen Koton Karfe. A 2022 tankokin mai sun yi kwanaki a jere a bakin hanya ba su wuce ba, har aka shiga layin mai a babban birnin tarayya, kimanin kilomita 200 daga wurin. A waɗannan kwanaki masu kwale-kwale ne suka riƙa tsallakar da mutane da kayansu, kowace cika kuma takan bar dausayi a gindin ganuwar tsofaffin gine-ginen da ke kusa da ruwan.